SABO DA TUNANI: ABIN DA YA KAMATA KOWANE DIREBA YA SANI

Duk aikin da mutum ya daɗe yana yi, jikinsa yakan haddace shi. Gwanin direba yakan taka kuloci, ya canja giya, ya ƙara totur, ba tare da ya kula da ƙafarsa ba. Haka akawu mai buga tafireta, haka kuma mata masu lugude a turmi ɗaya. Amma da zarar ɗayansu ya shiga tunanin yadda gaɓoɓinsa suke motsi, sai aiki ya dagule: mota ta mutu, yatsa ya kuskure harafi, taɓare su yi karo.

Dalilin wannan yana cikin ƙwaƙwalwa. Sa'ad da mutum yake koyo, sashen gaba na ƙwaƙwalwa ne yake jan ragama, yana bin aikin daki-daki. Yau da gobe, sai aikin ya koma hannun waɗansu sassa na can ciki da na wajen ƙeya, waɗanda suke ɗinke motsi iri-iri su zama guda, da saurin da tunani ba ya iya cimmasa. To, idan fargaba ta sa sashen gaba ya sake ƙwace ragamar, sai ɗinkin ya warware, gwani ya koma ɗan koyo. Shi ya sa wanda ya iya tuƙi sarai yakan diririce ranar jarrabawar lasin.

Masana sun gwada wannan. A 2002 wata Ba'amurkiya, Sian Beilock, da abokan aikinta sun bayyana sakamakon gwajin da suka yi wa 'yan ƙwallon ƙafa. Da aka umurci gwanaye su lura da gefen ƙafar da ya taɓa ƙwallo, sai saurinsu ya ragu. 'Yan koyo kuwa, wannan lura ta taimake su.

Watau tunani yana da muhallinsa: lokacin koyo, da lokacin da ake son karya tsohon sabo. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu, ta koma hannun dama. A wancan lokaci sai da kowane direba ya riƙa tuna wa kansa sabon hannu a kowace kwana da kowane shataletale, domin sabo turken wawa ne.

Saboda haka ana jan hankalin jama'a. Ɗan koyo ya yi ta maimaitawa a fili marar cunkoso, sannu a hankali, har jiki ya riƙe. Wanda ya ƙware kuwa ya bar hannu da ƙafa su yi aikinsu, ya ajiye hankalinsa a kan hanya, da madubi, da masu tafiya a ƙasa. In ya shiga motar da bai saba da ita ba, ya fara sanin burkinta da giyarta tun kafin ya hau babban titi.