Ruwan zafi lokacin hunturu: wace hanya ta fi dacewa da gidajen Kuseri?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta kaɗo daga Sahara, ruwan randa a Kuseri kan yi sanyin da ba ya wankuwa da asuba. Yara masu zuwa makaranta, tsofaffi da mata masu jego duk suna buƙatar ruwan zafi, kuma a mafi yawan gidaje murhun girki ne ke ɗaukar wannan nauyi.

A tsofaffin gidajen Amurka da Turai, tukunyar tururi ɗaya ce ke ɗumama ɗakuna, ta kuma dafa ruwan wanka ta wani murɗaɗɗen bututu da ke cikinta. Da zafi ya shigo, sai a riƙa hura babbar tukunya saboda ruwa kaɗan, mai yana ƙonewa a banza. Shi ya sa da yawa ke ware wa ruwan wanka tankinsa daban. Wannan darasi ya shafi Kuseri.

Murhu mai duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, ga itace da gawayi na ƙara tsada yayin da bishiyoyi ke raguwa a yankin Logone-et-Chari. Ingantaccen murhu na rage asarar. Amma kada a shiga da gawayi mai ci cikin banɗaki a rufe, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Hitar lantarki mai wat 1,000 tana ɗaukar kusan rabin awa kafin ta kai lita 20 daga digiri 20 zuwa 40. Matsalarta ita ce ɗaukewar wuta, musamman idan ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo da ke kusa da Garwa, wadda arewacin Kamaru ke dogaro da ita. Sannan a cire ta daga soket kafin a taɓa ruwan.

Gas ya fi sauri da tsafta, sai dai yakan yi ƙaranci a kasuwa.

Rana ce ba ta yankewa. Na'urar ɗumama ruwa ta kan rufi ba ta buƙatar lantarki: ruwan da ya yi zafi yana hawa tanki da kansa, tankin kuma ya riƙe zafin har safiya. Wanda bai da kuɗinta zai iya shanya baƙar jarka tun hantsi, ya naɗe ta da bargo da la'asar, ya samu ruwan wankan dare ba tare da ƙona ko itace ɗaya ba.