Awannin Aiki da Hutun Ma'aikaci a Dokar Ƙwadago ta Kamaru: Misali daga Tignère

1.0 Gabatarwa

Tignère ita ce hedkwatar gundumar Faro-et-Déo a yankin Adamawa na ƙasar Kamaru. Gari ne na kiwon shanu da noma da kasuwanci, inda mutane da yawa suke yi wa wasu aiki a kan lada ba tare da an rubuta komai ba. Wannan takarda za ta bayyana abin da doka ta tanadar wa irin waɗannan ma'aikata game da lokacin aiki da ladan ƙarin lokaci da hutu.

2.0 Wane ne Ma'aikaci?

Dokar ƙwadago ta Kamaru, mai lamba 92/007 ta ranar 14 ga Agusta 1992, ta ɗauki duk wanda yake aiki a ƙarƙashin umarnin wani don a biya shi a matsayin ma'aikaci. Ba sai da takarda yarjejeniyar aiki take tabbata ba, ana iya tabbatar da ita ta kowace hanya, har da shaidu. Ke nan yaron shago da maigadi da ɗan aikin gida duk dokar ta shafe su. Ma'aikatan gwamnati kuwa tsarinsu daban ne.

3.0 Awannin Aiki

A wuraren aikin da ba na gona ba, awa 40 ne a mako. A aikin gona kuwa awa 2,400 ne a shekara, amma kada a wuce awa 48 a mako guda. Dalili shi ne, aikin gona yana bin damina da rani. Aikin dare yana farawa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Akwai kuma sana'o'in da ake zaman jira a cikinsu. Saboda haka wata doka ta shekarar 1995 ta daidaita awa 56 na maigadi da awa 40 na sauran ma'aikata.

4.0 Ladan Ƙarin Lokaci

Idan aka wuce awannin da doka ta ƙayyade, kuɗin awa yana ƙaruwa. Awa 8 na farko ana ƙara kashi 20 cikin ɗari, awa 8 na biye kashi 30, abin da ya biyo baya kashi 40. Alal misali, a ce ma'aikacin wani kamfani a Garwa yana samun sefa 500 a awa, sai ya yi awa 50 a mako. Ƙarinsa awa 10 ke nan. Takwas a kan sefa 600 sun ba da 4,800, biyu a kan sefa 650 sun ba da 1,300. Jimilla yana bin maigidansa sefa 6,100 ban da albashinsa.

5.0 Hutu

Wajibi ne ma'aikaci ya huta awa 24 a jere kowane mako, galibi ranar Lahadi, kuma ba a fansar wannan hutu da kuɗi. Yana da kwana ɗaya da rabi na hutun shekara a kan kowane watan aiki, wato kwana 18. Mace mai ciki tana da hutun haihuwa na mako 14, sannan a ba ta har awa ɗaya kullum don shayarwa, tsawon wata 15 daga haihuwa.

6.0 Kammalawa

Hausawa kan ce, "rashin sani ya fi dare duhu." Ma'aikacin da aka tauye wa hakki yana kai ƙara wurin sufeton ƙwadago domin sulhu, in abin ya faskara sai kotu. Amma bayan shekara 3 ba a sauraron ƙarar bashin albashi. Don haka wanda ya riƙa rubuta awannin da ya yi kullum, ya kuma nemi hakkinsa da wuri, shi ne ba ya asarar guminsa.