Harhaɗa Linux a Zafin Diffa: Sauri Ba Sai da Tsadar Na'ura ba

A watan Afrilu, lokacin da ruwan Komadugu ya janye, manoman tattasai suka gama kwashe kayansu, zafin garin Diffa yakan haura digiri 40. Matashin da ya zauna a irin wannan rana zai harhaɗa kanel ɗin Linux a ƙaramar kwamfutarsa, da kunnensa zai ji wahalar aikin: fanka na kuka, ƙasan na'ura ya yi zau, ita kanta sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Ga kuma zullumin ɗaukewar kuran.

Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, kuma na Linux ne ke cikin kowace wayar Android da ke kasuwar Diffa. Mutane ke rubuta shi, amma sai wata manhaja ta yi tafinta, ta mayar da rubutun harshen na'ura, wannan shi ne harhaɗawa. Sa'ad da Linus Torvalds ya fito da shi a 1991, layi wajen 10,000 ne. A farkon 2025 ya zarce layi miliyan 40.

Mai kuɗi, kuɗi ke yi masa maganin jira. A 2020 Torvalds ya koma kan AMD Threadripper 3970X mai ƙwaƙwalwa 32, ya ce gwajinsa na harhaɗa kanel ya ninka sauri sau uku. Ɗalibi a Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ba shi da wannan hali, kuma a gaskiya bai buƙace shi ba.

Abin da ya fi yi masa amfani shi ne rage aikin tun daga tushe. Kaso mafi tsoka na kanel direbobi ne, wato manhajojin sarrafa dubban na'urorin da bai taɓa gani ba. Umurnin "make localmodconfig", da Steven Rostedt ya kawo a 2009, yana duba abin da kwamfuta ke amfani da shi a lokacin, ya zubar da saura. Aikin sa'o'i sai ya dawo na mintoci. Sai dai akwai tarko: duk abin da ba a jona ba, ba za a lissafa shi ba. Wanda ya manta bai soka modem ko kilensa ba kafin ya ba da umurnin, zai tashi da sabon kanel da bai san su ba, ya yi ta neman intanet babu.

Sai kuma gudun maimaici. Manhajar make, da Stuart Feldman ya rubuta a 1976, tana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ta sake gina wanda ya canza kawai. Don haka in wuta ta yanke, galibi daga inda aka tsaya ake ɗorawa. In aka ƙara mata "-j" da adadin ƙwaƙwalen na'ura, duka za su kama aiki tare, kamar gayya. Ccache ta Andrew Tridgell, tun 2002, tana adana abin da aka riga aka fassara. Distcc kuwa rarraba aikin take yi ga kwamfutocin da ke ɗaki guda.

Manyan masu rubuta kanel ma nan suka nufa. A Janairun 2022 Ingo Molnar ya gabatar da gyare-gyare 2,297 don warware sarƙaƙiyar fayilolin da ake ta karantawa ba dalili, ya nuna saurin ya ƙaru da kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari, ba tare da sauya na'ura ba.

Duk waɗannan kayan aiki kyauta ne. Malaman da ke koyar da kwamfuta a Diffa, Maine-Soroa da Ngigmi ya kamata su fara nuna wa ɗalibai su tun a darasin farko, a kan tsofaffin na'urorin da ke hannunsu.