Kaurin naman zuciya: wa ake yi wa aiki ta siririn bututu?

Idan likita ya ce naman zuciyarka ya yi kauri, abin da za a fara ganowa shi ne sanadinsa. A garuruwa irin su Bodinga da Shagari, galibi hawan jini ne da aka daɗe ba a kula da shi ba. Maganin wannan shi ne saukar da hawan jinin.

Akwai kuma na gado, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 500. A wasunsu, bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa yana yin kauri har ya tare hanyar fitar jini. Sai mutum ya riƙa haki da ɗan aiki kaɗan, ga ciwon ƙirji da jiri, wani ma ya suma a gona. Hoton zuciya na eko ne ke taimaka wa likita ya bambance su, kuma ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Da ƙwayoyi ake farawa. Sai sun kasa ake maganar tiyata don yanke naman da ya tare hanya. Ga dattijo ko mai wasu cututtuka da ba zai jure buɗe ƙirji ba, akwai hanyar bututu. Dokta Ulrich Sigwart ne ya fara ta a Landan a 1994. Ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko wuyan hannu har zuwa ƙaramar jijiyar da ke ciyar da wurin da ya yi kauri, a ɗura alkohol tsantsa mililita 1 zuwa 3. Naman wurin ya mutu, cikin watanni ya motse, hanya ta buɗe.

Aikin yana da haɗarinsa. Wayar lantarkin zuciya tana bi ta wannan bangon, don haka kusan mutum 1 cikin 10 yakan buƙaci a dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya.

Idan jijiyar ba ta dace ba, wasu cibiyoyi a Turai da Sin suna ƙona naman da zafin lantarki, ko su toshe jijiyar da 'yar murɗaɗɗiyar waya. Waɗannan hanyoyi ba su kai ta alkohol yawan gwaji ba, shi ya sa ba ma gaggawar tura mutane gare su.

Aikin bututu ba ya cire gadon ciwon. Kowane ɗa ko 'ya ta majiyyaci na da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadonsa, don haka a kai 'ya'yansa, iyayensa da waɗanda suke ciki ɗaya su ma a yi musu eko.