Daga Rumbun Bilbis Zuwa Kwanon Ɗalibi

Idan aka kaɗa ƙararrawar tashi tara a firamaren ƙauye a ƙasar Tsafe, yara kan rabu gida biyu. Masu ɗan kuɗin tara su ruga bakin ƙofa wajen masu tallan awara da ƙosai da dafaffen rogo. Sauran su raɓe gindin darbejiya suna kallo, wasu kuma su sulale gida neman ɗumame, daga nan ba mai sake ganin ƙeyarsu sai gobe. Malaman ƙauye sun san darasin da ke biyo bayan tara shi ne mafi wahalar koyarwa, domin yaron da ya fito gida bai karya ba ya riga ya fara gyangyaɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma karatu ma haka yake.

Abin da ke ci wa mutum rai shi ne inda hakan ke faruwa. Bilbis, ɗaya daga cikin gundumomin ƙaramar hukumar Tsafe, gab da iyakar jihar Katsina, ƙasar manoma ce: gero, dawa, masara, wake, waken suya, gyaɗa, dankali. Haka Bunguɗu da fadamunta, haka ƙauyukan da ke kewaye da Gusau. Tun da aka ƙirƙiro Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1996, da noma take yi wa kanta kirari. Amma hatsin da uban yaro ya noma yakan hau mota ya nufi Funtuwa ko Gusau tun da kaka, ya wuce ta gaban makarantar da ɗansa ke zaune da yunwa.

Gwamnati ta sha gwada haɗa waɗannan biyu, gona da makaranta. A 2005, zamanin Obasanjo, an ƙaddamar da shirin ciyar da ɗalibai da abincin gida a jihohi 12 da Abuja, amma bai yi nisa ba ya mutu kusan ko'ina, in ban da jihar Osun da ta riƙe nata. A 2016 gwamnatin Buhari ta farfaɗo da shi: abinci sau ɗaya a rana ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro, daga baya a 2022 aka mayar da shi naira 100. Zamfara na cikin jihohin farko da suka shiga, a 2017. An ɗauki mata masu girki, ana tura musu kuɗi kai tsaye ta asusun banki. Duk wanda ya zauna kusa da wata firamare a waɗannan shekaru ya ga yadda aji ke cika ranar da aka ce akwai abinci, har da ƙannen da ba su isa shiga makaranta ba, kowa da ɗan kwanonsa. A Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi, bayan zargin almundahana a ma'aikatar da ke kula da su.

Manufar shirin tun asali ita ce kuɗin abincin yara su koma aljihun manoman garin. A nan ne aka fi samun tangarɗa, tun ma kafin dakatarwar. Mai girki da aka biya ta a makare, kuɗin kuma ba su taka kara sun karya ba, ba ta da sararin neman manomi ta yi ciniki da shi. Shago za ta nufa ta karɓi shinkafa da taliya, sau da yawa bashi. Manomin wake na bayan gari bai san da zaman shirin ba, balle ya ƙara kunya goma a gonarsa saboda shi.

Wasu ƙasashen sun toshe wannan kafa da doka. A 2009 Brazil ta wajabta cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don abincin makarantu dole a saye kaya da su daga hannun ƙananan manoma. Wannan ƙa'ida ɗaya ta sa manoma suka kafa ƙungiyoyi, suka fara shuka da sanin wanda zai saya. Ba sai an je nesa ba ma: daga 2012 an gwada irin wannan tsari a jihar Maraɗi ta Nijar, da haɗin gwiwar Brazil da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka tallafa wa ƙungiyoyin manoma da iri da horo, aka kuma sayi geronsu da wakensu don makarantun yankin. Ƙasar Maraɗi ba ta kai ta Tsafe samun ruwan sama ba. A Yamai ne kuma aka yi bikin farko na ranar ciyar da ɗalibai ta Afirka, ran 1 ga Maris 2016.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki makaranta mai yara 200 a azuzuwan farko: ko a kan naira 100, kuɗin rana ɗaya naira 20,000 ne, na mako naira 100,000. Da a ce kwamitin kula da makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye da hedimasta da wakilin mai gari, zai karɓi kuɗin zango guda a watan Nuwamba, lokacin da wake ke araha, da ya saya kai tsaye daga manoman gunduma ya adana. Matsalar ƙwari ma an riga an samo mata magani: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, yana hana iska shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba wa wake maganin da zai cutar da yara ba. Matan gari masu yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli su samu ciniki mai ɗorewa. Kuma abincin ya zama wanda yaro ya sani: ɗanwake, garau-garau, alala, faten tsaki da yakuwa, kunun gyaɗa da safe.

Sai dai ba a maganar gona a Zamfara ta yau ba tare da maganar tsaro ba. Manoma a sassan Tsafe da Bunguɗu sun yi shekaru suna barin gonakinsu na nesa, wasu garuruwan sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su shuka ko su girbe. Makarantu ma ba su tsira ba. A Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a Satumba kuma aka kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, abin da ya sa aka rufe makarantun jihar. Yunwa ta biyo baya: binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a 2024 a Shinkafi da Zurmi ya nuna ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar na fama da tamowa. Babu uban da zai yarda a kai ɗansa gonar makaranta a bayan gari, kuma yana da gaskiya.

Wannan ne ya sa lambun cikin makaranta ya fi kowane lokaci muhimmanci. Yana cikin gari, a gaban idon jama'a, kuma ba ya jiran Abuja.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Waɗanda suka yi firamare a shekarun 1970, musamman bayan shirin ciyar da ƙasa na 1976, suna tuna gonar makaranta da ranar zuwa da fartanya. Almajiran tsangaya sun daɗe suna noma gonar malam da damina, a ci abin da aka girbe da rani. A gida kuwa akwai gayauna, ɗan filin da maigida ke yanka wa yaro a gefen gandu, ya noma da yamma, amfanin ya zama nasa. Lambun makaranta da ya yi kyau, tsarin gayauna yake bi: kowane aji da nasa komi, da sunansa a jikin ɗan allo, yaran su san abin da suka shuka, su kuma ga inda ya tafi.

Abin da za a shuka ba ya bukatar dogon nazari. Zogale a jikin shinge, domin ko reshe aka dasa yana kamawa, kuma yana jure rani. Alayyahu, wanda ake fara tsinka cikin wata guda. Rama, yakuwa, kuɓewa, da kabewa da za ta bi katanga. Dankali mai jan ciki, wanda ke ɗauke da sinadarin bitamin A, ya dace da yara ƙwarai. Inda fili ya yi kaɗan ko ƙasa ta yi tsauri, tsohon buhun siminti ko na taki da aka cika da ƙasa da kashin awaki ya isa ya riƙe tumatir ko barkono. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli sau biyu a mako ba zai ƙosar da makaranta ba, kuma bai kamata a yi wa iyaye alkawarin haka ba. Hatsi da wake daga manoma za su zo. Aikin lambu shi ne ganye da kayan miya, abubuwan da naira 100 ba ta taɓa isa ta saya ba.

Riba mafi girma tana wajen karatun kansa. Yaron da ya kasa gane faɗi da tsawo a allo, a ba shi igiya ya auna komi mai mita biyu da mita ɗaya, ya ƙirga ramukan da zai ɗauka idan tsakanin kowane biyu taki ɗaya ne. 'Yan aji biyar su tuge gindin wake su wanke saiwar, su ga 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikinta. Malam ya bayyana musu cewa a ciki ne ƙwayoyin halitta ke ɗauko sinadari daga iska su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Nan take yaro zai gane dalilin da ya sa babansa ke shuka wake a tsakanin gero. Za a iya gayyato wani dattijo manomi ya nuna yadda ake gane ƙuduji tun yana ƙarami, da dalilin tuge shi kafin ya yi fure. A rubuta ranar shuka da ranar tsiro a littafi, da Hausa da Turanci. In an sayar da rarar alayyahu, yaran su yi lissafin kuɗin da kansu a gaban aji.

Akwai abubuwa da ke kashe irin wannan lambu, kuma an san su. Na farko awaki. Lambun da ba shi da shinge, ko na ƙaya ko na kara, ba zai kai mako biyu ba. Sai ruwa: makarantar da ba ta da rijiya ko famfo ta tsaya ga damina, kada a mayar da 'yan mata masu jido daga nesa. Akwai kuma dogon hutu, wanda ke faɗowa a watan Agusta, daidai lokacin da ciyawa ta fi ƙarfi. Tun kafin a tashi ya kamata a san wanda zai riƙe makulli, ko maigadi ko matan unguwa da za su kula su ɗauki kaso.

Mafi muni shi ne abin da ya ɓata sunan gonar makaranta a da. An mayar da noma horo: wanda ya makara, a miƙa masa fartanya. A wasu wuraren kuma amfanin gonar gidan malamai yake ƙarewa, yara da iyaye suna gani. Yaron da ya taso a haka ba zai ƙaunaci noma ba, kuma uban da ke bukatar ɗansa a gonarsa ba zai ga dalilin ba da shi ga gonar wani ba. Shi ya sa lokacin lambu ya kamata ya zama gajere, a cikin jadawalin darasi, sannan a kafe lissafin abin da aka girbe a bangon ofishin hedimasta inda kowa zai karanta.

A Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Zamfara, aka shiga gyaran azuzuwa da gine-gine. Duk makarantar da za a yi wa katanga da famfo a wannan aiki, ta riga ta samu abubuwa biyu mafi tsada da lambu ke bukata. Abin da ya rage shi ne a bar fili a bayan azuzuwa ba tare da an malale shi da siminti ba, a horar da malami ɗaya ko biyu a kowace makaranta, aikin da Kwalejin Bakura da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau za su iya yi a lokacin hutu, sannan duk ranar da kuɗin ciyarwa suka dawo, a rubuta a ƙa'ida kason da dole a saya daga manoman gundumar da makarantar take.