Kurok-Mushe: Gasasshen Sanwicin Faransa a Murhun Gombe

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, abinci da harshe tafiyarsu ɗaya. Duk inda baƙon abinci ya sauka, da sunansa yake zuwa, sai masu gari su gyara sunan daidai da bakinsu, su gyara abincin daidai da al'adarsu. Haka aka yi wa burodi har ya zama ɗan gida a teburin kowane mai shayi a garin Gombe. A wannan maƙala za mu dubi wani sanwici na ƙasar Faransa mai suna croque-monsieur, da yadda za a haɗa shi a gida.

Asalin Sunan

Kalmomi biyu ne na Faransanci. Croquer na nufin tauna abu mai ƙara, kamar yadda ƙuli-ƙuli ke yin garas-garas a baki. Monsieur kuwa daidai take da “malam” a wurinmu. Wannan kalma ta biyu ta riga ta shigo Hausar Jamhuriyar Nijar, inda ake ce wa malamin makarantar boko “mushe”. Sai dai a kiyaye da karin sauti, kada a haɗa ta da mushen dabba! Abincin ya yi fice a shagunan shan gahawa na birnin Faris tun farkon ƙarni na 20. Idan aka ɗora masa soyayyen ƙwai a sama, sai sunan ya koma croque-madame.

Abin da Za a Sauya

Faransawa da yankan naman alade suke yin nasu. Tun da Musulmi ba ya cin wannan nama, sai a maye gurbinsa da balangu ko tsokar gasasshiyar kaza, a yanka falle-falle. Kilishi bai dace ba, domin ya bushe da yawa, idan ya sake shan wuta sai ya gagari haƙori.

Batu na biyu shi ne cuku. Su suna amfani da Gruyère ko Emmental, waɗanda ke narkewa idan sun ji zafi. Cukun da ake kawowa daga Nijar busasshe ne, ba ya narkewa. Awara kuwa da waken suya ake yin ta, ba da madara ba. Saboda haka sai a nemi cheddar ko mozzarella a manyan kantuna.

Kayan Haɗi na Mutum Huɗu

Yankan burodi 8, gara wanda ya kwana. Nama yanka 8. Gurzajjen cuku kofi 1. Bota ko man shanu babban cokali 2. Fulawa babban cokali 2. Madara kofi 1. Gishiri, masoro da gyaɗar ƙamshi kaɗan.

Yadda Ake Haɗawa

Da farko a yi farin romo wanda Faransawa ke kira béchamel. A narkar da bota a tukunya bisa wuta kaɗan, a zuba fulawa a yi ta juyawa na minti 2 don ƙarnin ɗanyen gari ya fita. Sannan a riƙa zuba madara kaɗan-kaɗan ana juyawa. Wanda ya juye madarar gaba ɗaya zai ga gudaji, kamar dai mai dama koko da gaggawa. Idan ya yi kauri har yana kama bayan cokali, sai a sa gishiri da kayan ƙamshi a sauke.

Na biyu, a ɗan gasa burodin a busasshen kasko. Dalili shi ne kada ya tsotse romon ya jagwalgwale.

Na uku, a shafa romo a yanka huɗu, a jera nama, a barbaɗa rabin cukun, a rufe da sauran burodin. A sake shafa romo a samansu, a barbaɗa ragowar cukun.

Na huɗu, gashi. Mai oban ya sa shi a zafin digiri 200 na kimanin minti 10 zuwa 15. Wanda ba shi da oban, kamar yawancinmu da ke zaman ɗakin kwanan ɗalibai, ya zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ya ɗora a wuta ta yi zafi, ya sa faranti na ƙarfe bisa yashin, ya jera sanwicin ya rufe. Sai ya ɗora garwashi a kan murfin, domin zafin sama shi ke sa cukun ya yi ja. A riƙa leƙawa, saboda burodinmu yana da sukari, kuma sukari na saurin ƙonewa. A ci da zafinsa, don cuku na daskarewa idan ya huce.

Kammalawa

Saura tambaya ga masu nazarin aron kalmomi. Shin mu hausantar da sunan mu ce “kurok-mushe”, ko mu fassara ma'anarsa mu ce “malam garas”, ko kuwa mu siffanta shi da “gasasshen burodi mai cuku”? Kowace hanya tana da gurbi a Hausa: ga “mota” da aka ara, ga “jirgin sama” da aka ƙirƙira. A gwada girkin a hutun ƙarshen mako, sannan a zo aji da amsa.