Tsohuwar Fijo a Zaure: Yadda Ake Sayar da Motar da Ta Daɗe a Kwance

A gidaje da yawa a Kano da Zariya da Kaduna za ka tarar da ita a ƙarƙashin darbejiya, tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilashi: Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya shiga haɗa motoci a Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da ita shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Galibi ta mahaifi ce da ya rasu, sai wata rana magada su ce a rabu da ita. A nan ake tafka asara, domin mai sayarwa bai san abin da ke hannunsa ba.

Irin wannan mota farashi uku gare ta. 'Yan gwangwan nauyin ƙarfe kawai suke saye. Masu safaya, irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, lissafinsu nawa injin zai kawo, nawa giya, nawa ƙofofi, in an farfasa ta. Na uku shi ne mai son ya tayar da ita ta koma kan titi. Shi ya fi biya, shi ya fi wuyar samu, kuma abin da yake nema ya saɓa wa tunanin yawancinmu.

Mu injin muke fara tambaya. Shi jikin yake fara dubawa. Injin Fijo, ko na 1.8 ko na 2.0, abu ne mai sauƙi da tsofaffin makanikai suka sani kamar yunwar cikinsu. Ana sauke shi a gyara, ko a sa wani. Jikin kuwa ba a ɗora shi kan wani ƙarfe daban ba, shi kansa ke ɗaukar nauyin motar. In tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi, ko daɓen da ake taka ƙafa, ko wurin da ƙafafun gaba suke riƙe, ƙashin bayan motar ne ya taɓu, kuma aikin walda a nan yakan ci kuɗin da ya fi na injin. Saboda haka ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka duba mazaunin batir inda ruwansa ke cin ƙarfe, ka share ganyen da ya toshe magudanar ruwa a gindin gilashin gaba. Motar da ta yi rayuwarta a Arewa tana da wata fa'ida: busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar iskar gishiri ta Legas. Rana dai takan fasa roba da kujeru, amma wannan ƙaramin ciwo ne.

Babban kuskure, wanda nake jin zafinsa duk lokacin da na gani, shi ne a kai ta a shafe da foti, a watsa mata sabon fenti don ta yi kyan gani. Kuɗin ba ya dawowa. Wanda ya san mota yana zuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu. Duk inda ya ƙi kamawa, ya san foti ne a ƙasa, daga nan kuma ba zai ƙara yarda da maganarka ba. Tsohon fenti da ya koɗe ya fi masa, domin yana nuna inda aka taɓa bugewa da inda ba a taɓa ba. A wanke ta kawai, a kwashe tarkacen ɓeraye, a tattara duk abin da aka taɓa cirewa: fitilu, alamar zaki, murfin taya, madubi. Waɗannan ƙananan abubuwa na asali sun fi wuyar samu a yau.

Kada kuma a ɗauko batir a murɗa makulli don a ji ko za ta tashi. Injin da ya shekara goma a tsaye ba mai a bangonsa, fetur ɗin tanki ya zama danƙo, wayoyi wataƙila ɓera ya ci. Makanike zai cire fulogi, ya ɗiga mai a ramukan, ya bari ya jiƙa, sannan ya juya injin da hannu. In ya juya, ka faɗa wa mai saye. In ya cije, shi ma ka faɗa. Addini ya hana ɓoye aibin kaya, mai saye ma yana da ikon dawo da su in ya gano.

Sai takardu. Lambar da ke jikin motar ta dace da wadda ke rubuce, magada duka su amince, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a yi canjin mallaka. Motar da ba takarda farashin safaya take komawa, komai kyanta.

Wani ɗa a gidan zai buɗe waya ya nuna maƙudan kuɗin da ake sayar da 504 a Turai. A duba da kyau: yawanci masu ƙofa biyu ne da masu buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya yi wa jiki, ba irin tamu mai ƙofa huɗu ba. Hanyar ƙiyasi ita ce a ɗauki kuɗin lafiyayyiya a kasuwarmu, a cire abin da gyara zai ci, a bar wa mai saye rarar wahalarsa. In dillali ya shigo, a yanke la'adarsa tun kafin ya kawo kowa, kuma a ɗauki hotunan wuraren tsatsar ma a ba shi ya nuna.